Hutun kaka a Kano Pillars: aikin da ke jiran Ahmed Musa kafin a busa usur

Tun da aka tafi hutun kaka, hirar fadarmu ta dare a nan Tamanrasset ta koma kan abu guda: wa ya tafi, wa ya zo, wa ake zawarci. Samarin da aka haifa a nan hankalinsu yana kan Mouloudia da CR Belouizdad da JS Kabylie, kuma "markato" suke kiran wannan lokaci. Waɗanda suka girma a Damagaram ko Maraɗi ko Katsina kafin neman abinci ya kawo su nan, su kuwa ba su da magana sai ta Kano Pillars. Ni da nake tsakiya, haifaffen nan amma tushena can, nakan riƙe kofin shayina in saurara.

A farkon watan Yulin 2025 labari ya iso cewa gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya naɗa sabuwar hukumar gudanarwar Pillars, kuma Ahmed Musa ne janar manaja. Wani dattijo da ke sayar da yadi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Fagge, ya dube ni ya ce, "Malam, shi ke nan, bana kofi ya dawo gida." Na ce, "Allah ya sa, Baba Alhaji, amma wa zai tsare mana baya?" Aka yi dariya aka wuce. Sai dai tambayar da gaske na yi ta. A ganina, cikin waɗannan makonni da babu wasa, babu ihu, babu ganga, a nan ake cin gasa ko a faɗi. Abin da za mu gani a fili daga watan Agusta girbin abin da aka shuka a ofis ne yanzu.

Abin da ya gada

Bari mu tuna irin gidan da aka miƙa wa Ahmed Musa. An kafa Pillars a 1990. Ta ci gasar Najeriya sau huɗu: 2008, sannan 2012, 2013 da 2014 a jere. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin: 1-1 a gida, 2-2 a Alƙahira. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare ta. Ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar lig, har sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi a 2015. A 2019 ta ɗauki kofin Aiteo. Daga nan fa sai gangara. A 2022 ta faɗa rukuni na biyu tare da Katsina United, a kakar da aka zaftare mata maki saboda hargitsi a filin wasa. A 2023 su biyun suka dawo. Kakar 2024/2025 kuwa a tsakiyar tebur ta ƙare, babu faɗuwa, babu kuma tikitin Afirka.

Shi kansa Musa ba baƙo ba ne a wannan gida. A kakar 2009/2010 ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, yana ɗan shekara 17. Daga nan VVV-Venlo ta Holan, CSKA Moscow, Leicester City, Al-Nassr ta Saudiyya. Ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018, kuma babu wanda ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa. Ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya tafi Turkiyya, ya sake dawowa a watan Oktoban 2024, ya kuma ci ƙwallo biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. Babu mai musun cewa ya san ƙwallo, ya san duniya, kuma idan ya kira waya ana ɗauka.

To amma ga inda gizo ke saƙa. A watan Oktoban 2025 ne Musa ke cika shekara 33, kuma bai ce ya rataye takalmi ba. Kyaftin Rabi'u Ali Pele, wanda aka ci kofuna uku a jere da shi, yana da shekara 44 a Yulin 2025, har yanzu kuma yana cikin waɗanda ake jira su ci ƙwallo. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato da ya samu tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya haura 30. Waɗannan mutane ne masu daraja, matasa suna koyo daga wurinsu ko a wajen zama ne. Amma ƙungiyar da ginshiƙanta uku suka kai wannan shekaru, dole ta fara tambayar kanta wa zai gaje su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lissafin da ɗan kallo ba ya gani

Gasar NPFL ƙungiya 20 ce, wasa 38, huɗun ƙarshe su faɗi. Rabin wasannin nan a waje ne, kuma mafi yawan tafiyar a mota ake yinta: Kano zuwa Fatakwal, zuwa Uyo, zuwa Aba, zuwa Ikenne, tafiyar da ke cin yini guda cur ko fiye. Mu nan da ke da kusan kilomita 1,900 tsakaninmu da Alje mun san yadda hanya ke cin jiki. Ɗan wasan da ya kwana a kujerar bas ba shi ne wanda ya kwana a gadonsa ba. Hanyar ma ba lafiya ce kullum ba: a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta tana kan hanyar Owerri, 'yan wasa da dama suka ji rauni.

Saboda haka mai haɗa ƙungiya a Najeriya ba mutum 11 yake nema ba. Yana neman biyu a kowane gurbi, masu tsaron raga uku, da wasu 'yan tsakiya da za su iya komawa baya idan rauni ko jan kati ya zo. Tsohuwar cutar gasar ita ce kowa zaki ne a gida, a waje kuwa ɗan akuya. Wanda ke son kofi sai ya iya tsinto maki a gidan wani, kuma makin waje 'yan baya da mai tsaron raga ne ke kawo shi. Shi ya sa na yi wa Baba Alhaji waccan tambaya. Ɗan gaba mai suna yana cika filin Sani Abacha, wannan gaskiya ne. Amma canjaras a Aba daga hannun ɗan baya yake fitowa, wanda ba a buga hotonsa a riga.

Sai batun kwantiragi. Al'adar yawancin ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi ita ce yarjejeniyar shekara ɗaya. Kaka na ƙarewa sai a sallami tuli, a kira buɗaɗɗen gwaji, a ɗauki wani tuli. Kowane koci ya zo da yaransa, kowane dillali ya zo da nasa, wani lokaci har da takardar wani babba. Asarar biyu ce. Ta farko, 'yan wasa ba sa sabawa da juna, sai zagayen farko ya kusa ƙarewa sannan su fara gane ƙafar juna. Ta biyu ta fi ciwo: yaron da ya haskaka yana tafiya a kyauta, don ranar da mai saye ya zo kwantiraginsa ya riga ya ƙare. Ka yi noma, wani ya girbe.

Ni malamin makaranta ne, kuma duk watan Satumba ina karɓar sabon aji. Na san cewa ɗalibi ɗaya mai kaifin kai ba ya ɗaga sakamakon aji. Ajin da ya zauna tare shekara biyu ko uku, da malami ɗaya da tsari ɗaya, shi ke ba da mamaki ranar jarrabawa.

Wa ke riƙe da jaka

A nan Aljeriya mun ga abin da kuɗin hukuma ke yi wa ƙwallo, alherinsa da sharrinsa. Tun kakar 2010/2011 aka ce an shiga zamanin ƙwararru, amma manyan ƙungiyoyi a hannun kamfanonin gwamnati suke. Sonatrach ke da Mouloudia ta Alje, Madar ke da CR Belouizdad, Serport ke da USM Alger, Mobilis ta karɓi JS Kabylie, Sonelgaz ta karɓi ES Sétif. Da wannan kuɗi aka dawo da manyan sunaye gida: Youcef Belaïli ya zo Mouloudia a 2023, Islam Slimani ya koma Belouizdad a 2024, Ryad Boudebouz ya zo JS Kabylie, Andy Delort ya zo Mouloudia.

Mene ne sakamakon? Mouloudia ta ci gasa a 2024, Belaïli ya tafi Espérance ta Tunis, ta kuma sake ci a 2025 ba tare da shi ba. Wannan kaɗai darasi ne: ashe ƙarfin yana cikin gangar jikin ƙungiyar, tauraro ƙari ne. A ɗaya ɓangaren, albashi ya yi ta hauhawa har ƙananan ƙungiyoyin da ba su da kamfani a bayansu suka kasa numfashi. Basussukan 'yan wasa suka taru, aka riƙa hana wasu ƙungiyoyi rajistar sababbi sai sun biya. A 2025 hukumar FAF, a ƙarƙashin Walid Sadi, ta shiga maganar sa wa kashe kuɗi iyaka.

Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce. Gwamna ke naɗa hukuma, daga baitulmali kuɗi ke fitowa. Bambancinta da Mouloudia shi ne babu rijiyar mai a bayanta, kuma kasafin jiha yana da makarantu da asibitoci da ke jiransa. Janar manaja yana iya yi wa ɗan wasa alkawari, amma ba shi ke sa hannu a fitar da kuɗin ba. Koke-koken albashi da kuɗin sa hannu sun daɗe da zama ruwan dare a gasar Najeriya. Dokar FIFA kuwa a fili take: idan aka riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, ya rubuta takarda ya ba da wa'adin kwana 15, in ba a biya ba yana da damar kama gabansa. Don haka babban ɗan wasan da Ahmed Musa zai iya saya wa Pillars bana shi ne albashi a kan lokaci. Inda ake biya ranar da aka ce, 'yan wasa da kansu suke kiran waya.

Akwai kuma sabon abu a cikin gida. Barau FC, ƙungiyar Sanata Barau Jibrin, ta hau gasar NPFL a 2025. Yaron Kano mai ƙafa yanzu yana da ƙofa biyu a jiharsa. Zamanin da sunan "Sai Masu Gida" kaɗai ya isa ya jawo shi ya fara wucewa.

Waɗanda ke shuka nasu

Misalin da ya fi burge ni a ƙasar nan ba ya cikin masu kuɗin mai. Paradou AC ƙaramar ƙungiya ce a unguwar Hydra a Alje, magoya bayanta ba su cika fili. A 2007 ta buɗe makarantar horar da yara tare da Bafaranshe Jean-Marc Guillou. Daga nan Ramy Bensebaini ya fito ya tafi Rennes, Youcef Atal ya tafi Nice a 2018, Hicham Boudaoui ya bi shi a 2019. Dukansu uku suna cikin tawagar da ta ci kofin Afirka a Masar a 2019. Boudaoui ɗan Béchar ne, yaron kudu kamar yaranmu, wanda aka je har garinsu aka gani. A Béchar ɗin kuma JS Saoura, da aka kafa a 2008, ta hau rukunin farko a 2012, ta zo ta biyu a 2016 da 2018. Hamada ba ta hana ta ba.

A Najeriya ma an ga irin wannan. Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ita ta ci gasar 2024/2025, karon farko a tarihinta. Tana da filinta, tana da makarantar yara mai suna Beyond Limits, ta bar kocinta Daniel Ogunmodede ya yi aiki, bayan ta zo ta biyu kaka biyu a jere. Ba a kore shi don ya zo na biyu ba. Haƙuri aka yi, aka ƙara abin da ya rage.

Kano ta fi Ikenne yara nesa ba kusa ba. Kowace unguwa da filinta, kowane fili da kocinsa. Abin da ya rage shi ne rajista da riƙo. A dokar FIFA, kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai sunansa yana rubuce a rajista. Kocin unguwar da ya ciyar da yaro shekara biyar ba tare da takarda ba, ko sisi ba zai gani ba.

Yadda Amurkawa ke yi

Wani ɗalibina mai son kallon ƙwallon Amurka, wannan da ake sa kwalkwali ana ture juna, ya sa na karanta yadda gasar NFL ke haɗa ƙungiya lokacin hutu. Ƙungiyoyi 32 ne. Kowace tana da iyakar abin da za ta kashe a albashi, a 2025 dala miliyan 279.2, mai kuɗi da maras kuɗi duk ɗaya. A watan Afrilu ana zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a kakar baya ita ke fara zaɓa. Shi ya sa a 2025 Tennessee Titans ta fara, ta ɗauki Cam Ward. Ana shiga sansanin atisaye da mutum 90, a ƙarshen Agusta a rage su zuwa 53. Har Afirka suka fara leƙowa: tsohon ɗan wasa Osi Umenyiora ya jagoranci sansanin neman matasa a Gana a 2022, a Legas a 2024.

Ba za mu iya ɗauko wannan tsari dungurungum ba. Su ba su da faɗuwa rukuni na biyu, kuɗin talabijin daidai ake raba musu, kuma jami'o'i ne ke rene musu yara. Amma abu ɗaya ya zauna mini. A can janar manaja aikinsa daban, koci aikinsa daban, ɗan wasa aikinsa daban. Janar manaja yana kallon shekara uku gaba, yana kuma iya sallamar tauraron da jama'a ke so idan lissafi ya ce haka. Nan ne nake jin tsoro wa Ahmed Musa. Mutumin da da safe yake atisaye a ƙarƙashin koci, da yamma kuma shi ne shugaban kocin a ofis, yaya kocin zai cire shi a minti na 60? Yaya shi kuma zai kalli abokin da suka kwana a mota ɗaya ya ce masa bana babu gurbinka? Ba na zargin niyyarsa. Kujerun ne guda biyu suke karo da juna, ko wa aka ɗora a kai.

Takardar da aka kawo mini

Ba don tebur kaɗai nake wannan rubutu ba. A bara wani maƙwabcina ya shigo mini da wani yaro, ya ce, "Mushe, duba mana wannan takarda, da Faransanci take." Yaron ya biyo ta Agadas da Assamaka da In Guezzam, da takalmin ƙwallo a cikin leda. A wayarsa akwai hoton wasiƙar gayyata zuwa gwaji a wata ƙungiya ta arewacin ƙasar nan. Wani dillali ne ya tura masa, bayan mahaifiyarsa ta sayar da dabbobinta an biya shi. Layi biyu na karanta na gane ta bogi ce: babu kwanan wata, sunan garin ma an rubuta shi ba daidai ba. Lambar dillalin ta daina shiga. Na tambayi yaron shekarunsa, ya ce 17.

Na ce masa, "Ƙanena, ko da takardar nan ta gaskiya ce, babu ƙungiyar da za ta iya yi maka rajista." Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa da kansa sai da ya jira ranar 14 ga Oktoban 2010, ya cika 18, sannan takardarsa ta Holan ta fito. Ga shi an ƙayyade yawan baƙin da kowace ƙungiyar Aljeriya za ta ɗauka, kuma guraben nan 'yan kaɗan ba mai shigowa ta hamada ake ajiye wa ba. Ƙungiyar gaskiya biza take nema maka da tikitin jirgi, ba ta karɓar kuɗinka. Yaron ya yi watanni yana leburanci a wurin gini, kullum cikin fargabar kame da mayarwa bakin iyaka, inda ake sauke mutane su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka. Daga baya aka haɗa masa kuɗin mota ya koma.

Da a ce ƙungiyoyin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram suna da ƙofar da yaro ɗan 15 zai shiga da rajista, a horar da shi, a bar shi ya ci gaba da karatu, da dillalin nan bai samu kasuwa ba. Duk lokacin da babbar ƙungiya ta cika jerinta da 'yan shekara ɗaya daga nesa ta bar na gida, wani yaro ne ke ɗaure takalminsa a leda ya nufo mu.

Abin da zan duba

Ranar 22 ga Agustan 2025 aka sa za a fara sabuwar kaka a Najeriya. Kafin nan ba zan damu da hoton wanda aka ɗaga wa riga ba. Zan duba mutum nawa daga cikin 'yan wasan bara aka riƙe. Zan duba ko matasan da suka nuna kansu an ba su kwantiragin shekara uku. Zan duba yara nawa aka ɗago daga ƙaramar ƙungiyar Pillars, da ko an ƙarfafa baya da raga. Zan kuma saurara in ji ko zuwa watan Disamba akwai kukan albashi. Idan waɗannan suka daidaita, ko Pillars ta ƙare ta biyar zan ce an kama hanya. Idan ba su daidaita ba, ko ta fara da cin wasa biyar a jere, zan ce a jira zagaye na biyu.

Na faɗa wa Baba Alhaji haka a daren jiya. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Malam, kai dai ka cika lissafi. Mu kofi muke so." Na ce, "Nima shi nake so, Baba. Shi ya sa nake lissafin."